Hanya a Buɗe Take, To Me Ya Sa Aka Tare Amalanken Icce?

(Hoto: amalanken jaki shaƙe da icce, a tsaye bakin shingen shiga Yamai)

Kun ga irin wannan bidiyon yana yawo a WhatsApp. An tare mai amalanke, yana rantsuwa busasshe ne ya tsinto, jama'a a ƙarƙashin bidiyon suna ta rubuta: "Daji na Allah ne, hanya kuma ta kowa ce." Hanyar kam ta kowa ce. Ba don hanya aka tare shi ba.

(Hoto: kwaltar Doso, sabara da geza hagu da dama)

Nan Geselbodi ne, kamar kilomita 25 daga Yamai, dajin gwamnati mai hekta 5,000 da aka keɓe tun 1948. Dokar daji ta 2004 ta bar wa mazauna kewaye haƙƙinsu na gado: su tsinci busasshen icce na girki, su ɗebi 'ya'yan itace da magani. Dubi wannan baiwar Allah da damin ƙirare a ka. Babu mai ce mata uffan.

To ina aka rabu? A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka mu ɗan tsaya.

Jami'in gandun daji ba ɗanye ko busasshe kawai yake dubawa ba. Tambayarsa ita ce: iccen nan murhun gidanka za shi, ko kasuwa? Da zarar ka loda shi ka nufi birni don sayarwa, ka fita daga haƙƙin gado, ka shiga fatauci. Fatauci kuwa da takardarsa, takardar jigila, wadda direbobi ke ce wa kupon.

(Hoto: hannu riƙe da takardar, kusa sosai, har hatimin ya fito)

Ku duba da kyau. Tana faɗin inda aka ɗauko iccen da yawansa. Tun dokar 1992 aka kafa kasuwannin icce na karkara. Mutanen ƙauye ne ke sara, bisa adadin da aka yanka masu a shekara, su jera shi tsibi-tsibi, mita ɗaya ta kowace fuska. Mai mota ya zo ya saya, ya biya haraji nan take, a ba shi takarda. Kuɗin kuma ana raba shi: wani kaso ga ƙauyen, wani ga ƙaramar hukuma, wani ga baitulmali.

Kuma harajin ba ɗaya ba ne. Iccen dajin da ake kula da shi ya fi sauƙin haraji. Wanda aka saro sakaka, inda babu kasuwa babu tsari, shi ya fi tsada. Na nesa da birni kuma ana yi masa ragi.

(Hoto daga sama: bakin kwalta fayau, can ciki daji ya yi duhu)

Ga dalili, ido ma ya gani. Babbar mota inda hanya take nan take bi. Kowa yana son ya sara kusa, ya ƙona gazuwal kaɗan, ya kwana gida. Shi ya sa dajin bakin hanya ke fara mutuwa. Kuma sawun mota ɗaya cikin daji, in damina ta yi ta wucewa a kansa, yana iya zama kwazazzabo. Na taɓa bin irin wannan sawun da ƙafa, taramniyar da ke gefensa duk saiwoyinta a waje, abin ya tsaya mini a rai.

(Hoto: dogon yaro na kewayen Yamai, gidaje sun kutsa ciki)

Wannan kuma shingen itatuwan da aka fara dasawa a 1965 don tare wa birni iska da ƙura. A bar hoton ya yi magana.

Ni a ganina, mai amalanken nan ba ɓarawo ba ne, abincin yara yake nema, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan bayani da Hausa ko Zabarmanci. Ya kamata hukuma ta kai bayanin rediyo da kasuwanni kafin ta kai shi shinge.

Kai kuma malam, in sayarwa za ka yi, kafin ka ɗaura wa jaki kaya ka leƙa ofishin gandun daji na garinku, ka tambayi kasuwar icce mafi kusa. A can za ka loda, a can za a ba ka takardar.