Jawabin Maraba ga Marubuciyar Wasan Kwaikwayo da Ta Zo Zaman Zango Guda a Jami'armu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a da mataimakansa, shugaban tsangayarmu, 'yan'uwana malamai, ɗalibanmu, iyayenmu maza da mata daga unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'a, da kuma ke, ranki ya daɗe, babbar baƙuwarmu ta yau. A madadin Sashen Nazarin Wasan Kwaikwayo, ina yi miki barka da zuwa, sannu da hanya. Muna fatan kin baro mutanen gida lafiya.

Baƙin da wannan zaure ya saba gani na yini ɗaya ne. Su zo, su gabatar da lacca, a tafa, a ɗauki hoto, kafin la'asar mota ta kama hanya. Ke kuwa zama kika zo yi da mu, zangon karatu guda cur, da ofishinki da makullin ɗakin gwajin wasa a hannunki. Wannan ne ya sa murnarmu ta yau ta sha bamban da ta kullum.

Ɗalibanmu sun san wasan kwaikwayo a matsayin littafi bugagge, mai bango, wanda ake fitar da tambayoyin jarrabawa daga cikinsa. Da yawansu ba su taɓa ganin wasa tun yana ɗanye ba. Ba su taɓa zama a ɗakin gwaji sun ga ɗan wasa ya zo kan wata jimla ya yi tuntuɓe, ya sake, ya kuma yin tuntuɓe, sannan marubuciya ta karɓi takardar ta karanta a hankali, ta ce laifin ba nasa ba ne, jimlar ce ba ta zauna a bakin mutum ba, ta sa biro ta soke layin da ta kwana tana gyarawa. Wannan darasi ba ya koyuwa a kan allo. Sai an zauna kusa da mai sana'ar ana kallon hannunta, shi ya sa muka nemi ki zo ki daɗe.

Amma da don ɗalibai kaɗai ne, da ba mu wahalar da iyayenmu na unguwa sun baro harkokinsu sun zo nan ba. Mun gayyace ki ne saboda yadda kike aiki: kafin ki rubuta, sai kin je kin zauna da mutane kin saurare su. A ganina, wannan ne abin da jami'o'i suka fi ƙarancinsa, kuma waɗanda suka gane haka tun da wuri sun bar mana abin koyi.

Marigayiya Efua Sutherland ta ƙasar Ghana tana cikinsu. A farkon shekarun 1960 ta kafa ɗakin wasan kwaikwayo a Accra, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, inda ita ma ta yi aikin bincike. Da ta ga dama da ta zauna a birni ta yi ta rubutu. Sai ta nufi wani ƙauye da ake kira Atwia, inda ta tarar da mata gwanayen ba da tatsuniyoyin Ananse, gizon mutanen Akan. Tare da mutanen ƙauyen aka gina wani ɗaki na musamman don ba da labari, wanda ake kira Kodzidan. Abin da ta lura da shi shi ne, a wajen tatsuniyar nan mai sauraro ba ya naɗe hannu. Yana da damar katse mai labari, ya ɗauko waƙa, jama'a su amsa, a taka rawa, sannan a koma kan labari. Wannan tsari ta ɗauko ta gina irin nata wasan a kai. Ba ta je ƙauyen don ta koya wa matan nan wasan kwaikwayo ba. Sun riga sun iya, ita ce ta koma ɗalibarsu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kamiriithu, kusa da Limuru a ƙasar Kenya. A 1976, marigayi Ngugi wa Thiong'o yana shugabantar sashen adabi a Jami'ar Nairobi lokacin da ya shiga aikin cibiyar ilimi da al'adu ta wannan ƙauye. Shi da Ngugi wa Mirii suka rubuta wasa cikin harshen Gikuyu, amma rubutun da suka kai ba shi aka nuna ba a ƙarshe. A fili aka riƙa yin gwaji, duk mai wucewa ya tsaya ya kalla ya sa baki. Tsofaffi suka gyara musu karin harshe, suka nuna musu inda suka sa dattijo yana magana kamar yaro. Ma'aikatan masana'anta suka ƙara bayanin yadda aikinsu yake a zahiri. Waɗanda suka rayu a zamanin gwagwarmayar Mau Mau da Turawan mulkin mallaka suka tuno waƙoƙin lokacin. Manoma da leburori ne suka gina filin wasan da hannunsu, mai ɗaukar mutum sama da 2,000. An fara nuna wasan a watan Oktoba na 1977, jama'a suka yi ta tururuwa daga nesa. A watan Nuwamba gwamnati ta janye izinin nunawa, a ƙarshen Disamba aka kama Ngugi aka tsare shi shekara guda a kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba, da ya fito kuma ba a mayar da shi aikinsa na jami'a ba. A 1982 aka rushe filin wasan baki ɗaya.

Ba don in tsorata kowa na kawo wannan ba, Allah ya kiyaye. Na kawo shi ne don ɗalibanmu su ji nauyin abin da suke karanta. Ngugi ya wallafa littattafai da Ingilishi shekaru da dama, masu zafi ma, ba a ɗaure shi ba. Sai da manoma suka hau dandamali suna faɗin halin da suke ciki da harshensu sannan hukuma ta tashi tsaye.

Jami'o'in Afirka da dama sun bi wannan hanya. Ibadan da Makerere sun yi tawagogin wasa masu yawo gari-gari a shekarun 1960, a Botswana an fara shirin wasan kwaikwayo na cikin al'umma mai suna Laedza Batanani a 1974, Jami'ar Ahmadu Bello ma ta yi suna wajen fitar da ɗalibai cikin ƙauyuka tun daga shekarun 1970. Tarihi ne mai kyau, amma ba kullum aikin yake tafiya daidai ba, kuma a nan nake son in ɗan daɗe.

Augusto Boal, mutumin Brazil, ya ba da labarin wani abu da ya same shi tun yana matashin darakta. Tawagarsa ta je arewa maso gabashin ƙasar ta nuna wa manoma wasa a kan ƙwace musu filaye. A ƙarshen wasan 'yan wasa suka ɗaga bindigogi suna rera waƙar cewa a zubar da jini a ƙwato ƙasa. Wani manomi mai suna Virgilio ya zo musu cike da farin ciki, ya ce tunda ra'ayinsu ɗaya, su ɗauko bindigoginsu su zo a tafi tare a fuskanci masu gidan gonar. Sai kunya ta kama 'yan wasa. Suka ce ai bindigogin na wasa ne. Ya ce ba komai, akwai na gaske da za su ishi kowa. Suka ce su 'yan wasa ne, ba su iya harbi ba. Nan manomin ya gane cewa jinin da ake ta waƙar a zubar, nasu ne su manoma, ba na masu waƙar ba. Boal ya ce daga ranar ya daina yin wasan da ke ba mutane shawarar abin da shi kansa ba zai ɗauki kasadarsa ba. A kan irin wannan darasi ya gina tsarinsa, wanda ya bayyana a littafinsa na 1974, inda ake nuna matsala a dandamali a bar ta ba warwara, sai ɗan kallo ya tsayar da wasa, ya hau ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada tasa dabarar a gaban kowa. Da ya zama kansila a Rio de Janeiro daga 1993 zuwa 1996, da wannan hanya ya riƙa tattara ra'ayin jama'a yana kaiwa majalisa a matsayin ƙudurin doka.

Ranki ya daɗe, kin fi ni sanin cewa cutar da Boal ya warke daga gare ta har yau tana nan. Sau nawa muka ga an kwashi ɗalibai a mota an kai su wata unguwa, sun yi wasan minti ashirin a kan tsafta ko rigakafi ko zaman lafiya, wanda a ciki jahili ke yin kuskure, mai ilimi ya zo ya gyara shi, sannan wani ya fito gaba ya zayyana darasin da aka koya? Mutane su tafa don kara, ɗalibai su samu maki, a rubuta rahoto. Matar da aka zo koya wa tsafta ta san tsafta sarai. Ruwa ne babu, kuma ba wanda ya tambaye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin wannan wasa ba ya faɗakar da kowa, raina mutane kawai yake yi cikin ladabi, kuma ina roƙon ki taimaka mana mu raba ɗalibanmu da shi.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mai bincike ya je da rikoda, a ba shi wurin zama, tsohuwa ta buɗe masa cikinta ta ba shi labarin da ko 'ya'yanta ba ta taɓa ba wa ba. Ya koma ya rubuta kundi, ya samu digiri ko ƙarin girma, ita kuwa ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba. Labarin mutum amana ne. Don haka muka amince da sharaɗin da za a yi wannan aiki a kansa: duk wanda ya ba da labari, shi zai fara jin abin da aka yi da shi, tun kafin a sa ranar nunawa. A karanta masa fitowar a gabansa. Idan ya ce ba haka ya faɗa ba, a gyara. Idan ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Idan ya sauya shawara ya ce a cire gaba ɗaya, a cire, ko da kuwa nan ne wurin da ya fi daɗi a wasan. Na san wannan na ƙarshe yana da ciwo ga marubuci, amma ban ga wata hanyar da za mu iya komawa unguwar gobe mu dubi idon mutane ba.

Ku ɗalibai, aikin da za a fara ba ku zai yi muku kama da ba aiki ba. Za a ce ku je ku zauna ku yi shiru. Anna Deavere Smith ta Amurka, wadda ita ma malamar jami'a ce, bayan tarzomar Los Angeles ta 1992 ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana hira da su, baƙar fata da farar fata, 'yan Koriya masu kantuna, 'yan sanda da waɗanda aka zalunta. Sannan ta hau dandamali ita kaɗai ta maimaita maganar kowa kamar yadda ya furta ta, har da inda ya yi in'ina da inda ya fara jimla ya kasa ƙarasawa. Ku lura da irin waɗannan wurare idan kun fita. Idan dattijo ya zo tsakiyar labari ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya shiga gyara hularsa, kada ku yi saurin jefa wata tambayar don ku cike shirun. Ku jira. Galibi abin da zai faɗa bayan nan shi ne wasan. Ku kuma kawo daftarinku ga baƙuwarmu ba tare da jin kunya ba, ko da shafi biyu ne, kada ku jira sai satin ƙarshe.

Iyayenmu na unguwa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma da yawanku yau ne kuka fara shigowa wannan zaure. Ba kallo kawai muka kira ku ba. Ƙofar ɗakin gwaji a buɗe take gare ku duk ranar da ake aiki, kuma wasu ranakun mu ne za mu zo mu same ku a inda kuka zaɓa. Idan kuka ji an sa wa wani magana a baki wadda mutumin kirki ba zai faɗe ta haka ba, ku tsayar da mu ku faɗa. Wanda kuma yake jin zai iya hawa dandamali, namiji ko mace, babba ko yaro, akwai wurinsa. Idan wasan ya kammala, a wajenku za a fara nuna shi, kyauta, kafin a kawo shi cikin jami'a.

Mai girma Shugaban Jami'a, muna godiya da amincewar da ka yi da wannan shiri da ɗawainiyar da jami'a ta ɗauka. Roƙo ɗaya ya rage mini, gare ka da sauran 'yan'uwana shugabannin sassa. Idan marubuci mai suna ya sauka a jami'a, kowa yana son ya gan shi a taronsa, yau buɗe wannan, gobe rufe wancan, har zango ya ƙare bai rubuta layi ɗaya ba. Mu bar mata safiyarta. Mu kuma yi haƙuri idan abin da ya fito a ƙarshe bai zama gogaggen wasa mai fitilu da kayan ado ba, domin aikin da aka yi da hannu da yawa ba ya son gaggawa, wani lokacin ma yakan faɗi abin da mu kanmu ba mu so jin sa ba game da zamanmu da maƙwabta.

Ranki ya daɗe, ga ofishinki, ga ɗalibanki, ga kuma mutanen da za ki yi aiki da su, sun zo da kansu su gan ki. Duk abin da kika ga ya gaza a masaukinki ko a wurin aiki, ki faɗa mini kai tsaye. Allah ya sa ki ji daɗin zama da mu, ya ba ki lafiya da basira, ya mayar da ke gida lafiya idan lokaci ya yi.

Jama'a, ku taya ni tarbar baƙuwarmu. Bismillah, ranki ya daɗe, ga abin magana.