Ƙoƙon kan da iska ta tono a Cadi

Zara'u: Jama'a barkanmu da warhaka, daga nan Maradi. Yau hunturu ya matsa, har shayin Malam ya yi ƙura. Malam Laminu, ka ce wannan iskar ce ma ta kawo mana zancen yau?

Malam Laminu: Ita ce kuwa. A hamadar Jurab, arewacin Cadi, iska ke kwashe rairayi ta bar ƙasusuwa a fili. A watan Yuli na 2001 wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke cikin ayarin Bafaranshe Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan wata halitta da ake ganin tana cikin mafi tsufan dangin ɗan'adam, a wurin da ake kira Toros-Menalla. Masana suka ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 7. Aka sa masa suna Tumai, wato fatan rayuwa da harshen Goran.

Habu: Miliyan 7? Malam, wa ya riƙe takardar haihuwarsa?

Malam Laminu: Dabbobin da ke kwance tare da shi. An samu ƙasusuwan kifi, kada da dorina, aka kwatanta su da na gabashin Afirka waɗanda aka riga aka san shekarunsu. Daga baya aka auna ƙasar wurin, lissafi ya zo kusa.

Zara'u: Dorina a hamada!

Malam Laminu: A da tabki ne. Amma ga inda zancen yake da daɗi. Habu, ka taɓa fasa kan rago da Babbar Sallah?

Habu: Kowace shekara ni ake barma wannan aikin.

Malam Laminu: To, ramin da laka ke bi ta shiga kai, ina yake?

Habu: Can baya, wajen ƙeya.

Malam Laminu: Saboda rago da ƙafa huɗu yake tafiya. Naka da nawa yana ƙarƙashin kai, don kan a bisa wuya yake zaune. Na Tumai ya matso gaba, shi ya sa suka ce a tsaye yake tafiya. Fiƙoƙinsa ma ƙanana ne, ba irin na biri ba. Ƙwaƙwalwar kuwa, cikin kwalbar lemo guda za ta kusa ɗauke ta. Tamu ta ninka ta wajen sau huɗu.

Habu: Ni fa ban gamsu ba. Rami ɗaya a kan da ƙasa ta danne ya murɗe, shi ke nan an yanke hukunci?

Malam Laminu: Ba kai kaɗai ba. Tun 2002 da aka bayyana shi wasu masana suka ce kan biri ne kawai. A 2022 aka fitar da bincike kan ƙashin cinya da aka samu a wurin, aka ce ya nuna tafiya da ƙafa biyu, wasu suka sake cewa a'a. A ganina hujjar tana da nauyi, amma ba ta kai a rantse ba.

Zara'u: Abin da ya burge ni, da ana ganin labarin asalin ɗan'adam na Habasha da Kenya ne kaɗai, wajen su Lusi, wadda aka samu tsohon ƙwarangwal ɗinta a Habasha a 1974. Sai ga wanda ya ninka ta tsufa a maƙwabtanmu.

Habu: To mu fa? Hamadarmu ta Tenere babu komai?

Malam Laminu: Akwai kaburburan Gobero, amma waɗancan mutane ne irinmu sak, shekarunsu ba su wuce dubu 10 ba. Zara'u, miƙo butar nan, maƙogwarona ya bushe.