Ƙaramin Harsashi da Babban Naman Daji: Laccar da Aka Gabatar wa Maharba a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Sarkin Baka, iyayena maharba, da 'yan'uwana ɗalibai masu karatun gandun daji, ina yi muku barka da zuwa. Tambayar da aka ɗora mini ita ce ko bindiga mai ƙaramin baki tana iya kayar da babban nama kamar gwanki ko ɓauna, kuma amsata ita ce tana iyawa, sai dai sharuɗɗan suna da tsauri ƙwarai, mafi yawansu kuwa suna rataye ne a kan yadda aka ƙera harsashin da kuma inda ya sauka a jikin dabbar.

Duk wanda yake kare ƙaramin harsashi yakan fara da sunan Walter Bell, mutumin Sukotlan da ake yi wa laƙabi da Karamojo, saboda yankin Karamoja na ƙasar Yuganda inda ya yi farautar haure a farkon ƙarni na 20. Ya kashe giwaye sama da 1,000, kimanin 800 daga cikinsu da harsashin 7x57 Mauser, wanda faɗinsa milimita 7 ne kacal, nauyinsa kuwa bai wuce giram 11 da 'yan kai ba. Abin da masu ba da labarin sukan tsallake shi ne irin harsashin da ya zaɓa da irin wahalar da ya sha kafin ya amince da shi. Harsashinsa dogo ne mai dunƙulallen kai, an lulluɓe darmarsa da ƙarfe ta yadda ba ya buɗewa, yana tafiyar kimanin mita 700 a sakan, wadda ba wata gaggawa ba ce a wurin bindigar zamani. Ya kuma riƙa tsaga ƙoƙon kan giwayen da ya kashe da zarto domin ya san mazaunin ƙwaƙwalwa ta kowace fuska, sannan yakan matsa kusa sosai kafin ya taɓa kunama.

A shekarar 1911, a ƙasar Kenya, George Grey, ƙanen ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin, ya harbi zaki da bindigar .280 Ross, wadda faɗin bakinta ya yi kusa da na bindigar Bell, amma harsashinta yana gudun kusan mita 900 a sakan kuma jikinsa ba shi da ƙwari. Harsashin ya samu zakin, ya farfashe kafin ya kai wurin da ke kashewa, zakin ya turmushe shi, kuma raunukan suka zama ajalinsa bayan 'yan kwanaki. Baki iri ɗaya ne, zamani ɗaya, nahiya ɗaya. Abin da ya raba mutanen biyu shi ne ginin harsashi da saurin da aka ɗora masa.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Harsashi yana kashewa ne idan ya ratsa fata da tsoka da ƙashi ya isa zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa, ya bar rami mai zubar da jini da sauri. Abin da ke ba shi ikon ratsawa shi ne nauyinsa idan an auna shi da faɗinsa, kamar yadda doguwar ƙusa siririya take nutsewa cikin katako fiye da gajera mai kauri. A wannan ma'auni harsashin milimita 7 mai giram 11 yana kafaɗa da kafaɗa da na .375 H&H mai giram 19, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, kuma har yau ake ɗaukarsa a matsayin mizanin farautar namun da ke da haɗari. Saboda wannan ne mutanen Suwidin da Norwe suka shafe fiye da shekara 100 suna harbin mus, wani babban nama mai ƙaho da ya fi gwanki girma nesa, da harsashin 6.5x55 mai nauyin giram 10. Amma da zarar harsashi ya farfashe, wannan lissafi ya rushe, domin ɓarɓashi ba ya fasa kafaɗa.

Maƙera sun daɗe suna neman maganin wannan. Tsohon salo shi ne a zuba darma cikin rigar tagulla a bar kan a buɗe, kuma yana aiki lafiya muddin gudun bai yi yawa ba. John Nosler, Ba'amurke, ya ga harsashinsa ya kasa ratsa mus ɗin da laka ta bushe a jikinsa a ƙasar Kanada a 1946, sai a 1948 ya fara sayar da wanda ya kira Partition, mai shinge a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da tafiya. Daga baya aka sami waɗanda ake manne darmar da rigar, sannan kamfanin Barnes ya kawo na tagulla zalla, wanda kusan ba ya rasa kome daga nauyinsa. Waɗannan ne suka sa ƙananan harsasai irin su .243 Winchester na 1955 da 6.5 Creedmoor na 2007 suke yin aikin da a da sai babbar bindiga. Ku lura kuma cewa dogon harsashi yana bukatar murɗin cikin bututu mai sauri, in ba haka ba zai riƙa tangaɗi a iska ya sauka a karkace.

Ni a ganina hujja mafi ƙarfi da ƙaramin harsashi yake da ita ita ce ba ya naushin kafaɗa. Mutumin da yake tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama, harsashi ya tafi tumbi ko cinya, kuma babban harsashi a tumbi ba ya kayar da gwanki, sai dai ya bar shi ya je ya mutu cikin sarƙaƙiya bayan kwana biyu. Wanda bindigarsa ba ta razana shi yakan yi atisaye da yawa, ya saka harsashi bayan ƙafar gaba inda huhu yake. Sai dai ƙaramin harsashi ba ya yafe kuskure. Idan dabba ta juya baya, ko tazara ta yi nisa har gudun ya ragu ƙasa da abin da zai buɗe kan harsashin, ko ganye ya shiga tsakani, wajibi ne a sauke bindiga. Shi kuwa .223 mai giram uku da rabi da ake harbin ƙananan dabbobi da shi, ba na ganin uzurin wanda zai nufi gwanki da shi. Malamanmu da ke zaune nan sun fi ni sanin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka halatta abin da makami ya huda, aka hana wanda ya buge da gefensa, da kuma umarnin kyautata kisa.

Ɓauna da dorina da giwa kuwa nasu daban ne, domin su idan aka raunata su kan maharbin suke dawowa. Shi ya sa Zimbabuwe ta sanya dokar cewa bakin bindigar da za a harbe su da ita kada ya gaza milimita 9.2, ke nan da Bell zai dawo yau da bindigarsa da an hana shi shiga daji. Ingila ma ba ta yarda a harbi manyan bareyinta da bindigar da faɗin bakinta ya gaza inci 0.240 ba. A nan gida, dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi ga bindigogin zamani, ta kuma ba hukuma ikon wajabta shi ga ta toka da yawancinku kuke riƙewa, dokar 1985 kuma ta hana kashe zaki da sauran namun da suke gab da ƙarewa, sannan ba a farauta a Yankari ko gandun Tafkin Kainji. Wanda yake da tambaya a kan bindigar toka da tazarar da ta dace da ita, ranka ya daɗe, idan ka ba da izini sai ya miƙe.