Bayan An Bar Tsohon Kamfani: Zaɓe, Saye da Sauya Fasalin Babur

Maryam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na ma'abota babura. Tare da ni akwai Malam Kabiru, wanda ya daɗe yana hawan manyan babura, da kuma Nasiru, bakanike. Malam, mun samu labarin kun sayar da babur ɗin kamfanin nan da kuka shafe shekaru kuna kare wa suna a duk inda aka zauna musu. Me ya raba ku?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ba faɗa muka yi ba. Baburana na baya duka masu nauyi ne, na ƙarshen ya haura kilo 350, kuma irin hanyoyin da nake sha'awar bi yanzu ba su dace da wannan nauyin ba. Na duba duk abin da kamfanin yake ƙerawa ban ga wanda ya dace da bukatata ba, sai na fahimci cewa sunan da ke jikin tanki kawai nake yi wa biyayya.

Nasiru: Shi kansa sunan da ke jikin tankin, Malam, ba kullum yake bayyana wanda ya ƙera babur ba. Ƙananan baburan KTM irin su Duke 390 kamfanin Bajaj ne ke harhaɗa su a Indiya, haka ma Triumph Speed 400 da aka fitar a 2023. Kamfanin TVS ne ya riƙa ƙera wa BMW samfurin G 310, Hero kuma ya ƙera Harley-Davidson X440. Ita ma Triumph ɗin da ake gani yau, John Bloor ne ya sayi sunan a 1983 bayan tsohon kamfanin ya durƙushe, ya sake gina shi daga tushe a garin Hinckley na Ingila.

Maryam: To idan aka ajiye suna gefe, Malam, da me kuka fara auna babura?

Malam Kabiru: Na fara da jikina, wato tsayin kujera, da nauyi, da yadda gwiwa take lanƙwashewa idan an zauna. Ku ɗauki Yamaha MT-07 da ya fito a 2014 da Ténéré 700 da ya biyo baya a 2019. Injinsu ɗaya ne, mai silinda 2 da girman cc 689, amma kujerar na farkon tana wajen milimita 805 daga ƙasa, ta na biyun kuwa milimita 875. Wannan bambancin shi ne zai nuna ko ƙafar mutum za ta taka ƙasa sosai idan ya tsaya a kan gangara da kaya a baya. Bayan haka na duba yadda ƙarfin inji yake isa tayar baya, domin na saba da bel, wanda ba ya neman mai, yanzu kuma ga sarƙa wadda sai an wanke ta, an shafa mata mai, an riƙa duba ɗaurinta.

Nasiru: Akwai hanya ta uku, wato sandar ƙarfe mai juyawa a cikin rufaffen bututu, wadda BMW ke amfani da ita tun daga R32 na 1923. Ba ta da wahalar kulawa, sai dai tana ƙara nauyi, kuma mai ita ba zai iya sauya ƙarfin jan babur ta hanyar canza sifoket ba, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. Amma abin da na fi so mai saye ya tambaya tun kafin ya ga launin fenti shi ne tazarar da ke tsakanin duba bawul da duba bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a cikin inji, domin nan ne aikin bakanike yake cin lokaci. Ducati ta yi suna da tsarin bawul maras sifirin, amma da ta zo ƙera injin Multistrada V4 na 2021 sai ta koma ga sifirin, ta kai tazarar duba bawul kilomita 60,000, saboda ta san matafiya masu dogon zango ne za su saya.

Maryam: Mu zo kan sayen. Sabo kuka ɗauka ko na hannu?

Malam Kabiru: Na hannu na ɗauka, kuma da gangan. Wanda ya shiga sabon kamfani baƙo ne, bai san ko zaman zai ɗore ba, sabon babur kuma darajarsa ta fi saurin faɗuwa a shekarun farko. Sharaɗin da na ƙi sassautawa shi ne ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an danne birki da ƙarfi. BMW ta fara sa ta a K100 a 1988, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga sabbin samfuran da suka haura cc 125 daga 2016, saboda haka babu dalilin da zai sa a sayi babban babur na zamani ba tare da ita ba.

Nasiru: Idan za a duba na hannu, a roƙi mai shi kada ya tayar da injin kafin a iso, a kuma taɓa shi a tabbatar da sanyi yake, domin inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi da ƙarar bawul. A gwada lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da wadda ke cikin takardu. A duba alƙaluma 4 na ƙarshe na lambar da ta fara da DOT a jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, domin taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta bushe. Sai a leƙa inda kan babur yake tsayawa idan an karya shi har ƙarshe, idan ƙarfen wurin ya lotsa, to babur ɗin ya taɓa shan ƙasa da ƙarfi.

Maryam: Nasiru, na lura mutane suna saya yau, gobe su kawo maka a cire salansa. Me ya sa ba ka son haka?

Nasiru: Domin mafi yawan masu sauya kamfani, ba tare da sun ankara ba, ƙoƙari suke su mayar da sabon babur ya koma tsohon. Kunnensu ya saba da wata ƙara, hannunsu ya saba da wani faɗin kan babur, sai su kashe kuɗi suna neman abin da suka baro da kansu. Ga shi kuma injunan yanzu an daidaita su ne bisa dokar hayaƙi ta Turai, wato Euro 5 da ta fara aiki a 2020. Idan aka cire salansa gaba ɗaya tare da matatar hayaƙin da ke cikinta, iska takan yi yawa a kan fetur, injin ya ƙara zafi, totur ya riƙa fizga, sai an sake saita kwamfutar injin. Hakan na iya soke garanti, a ƙasashe da dama kuma ya saɓa wa doka, sannan kamfanin inshora yana iya ƙin biya idan ba a sanar da shi sauyin ba.

Malam Kabiru: A nan zan ɗan saɓa maka, Nasiru. Ƙara tana cikin daɗin hawa, kuma wanda ya sauya tukunyar ƙarshen salansa kawai, da wadda doka ta amince da ita, bai ɓata komai ba. Inda na yarda da kai shi ne jerin abin da ake farawa da shi. Ni na hau nawa yadda ya zo har sai da na daina kwatanta shi da tsohon, sannan na fara taɓa shi, kuma da shokozoba na fara.

Nasiru: Wannan kuwa ba ya bukatar sayen komai da farko. Kamfani yana saita shokozoba ne bisa matsakaicin nauyin mahayi, saboda haka a auna yadda babur yake nutsewa idan mai shi ya zauna sanye da kayan hawansa. Ana son nutsewar ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozobar. Idan an ɗaure sifirin har ƙarshe ba a samu haka ba, a sauya sifirin da wanda ya dace da nauyin mutum. Daga nan sai taya, sai kujera, sai gilashin tare iska.

Maryam: Sifoket fa, da ka ambata ɗazu?

Nasiru: Rage haƙori 1 a sifoket na gaba ya yi kusan daidai da ƙara haƙora 3 a na baya. Babur zai fi saurin zabura, amma injin zai riƙa juyawa da yawa a kan doguwar hanya, ya ƙara shan fetur, kuma a wasu samfuran agogon gudu zai daina faɗin gaskiya. Duk abin da aka cire kuma a adana shi a kwali, domin mai saye na gaba ya fi amincewa da babur ɗin da za a iya mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta.

Malam Kabiru: Sifoket ɗina na asali yana nan a jiki, sai na gama doguwar tafiyar da nake shiryawa zan yanke hukunci a kansa.

Maryam: To sai mun ji daga gare ku idan kun dawo, Malam. Masu sauraro, a nan za mu dakata, mu kwana lafiya.