Jawabin Maraba ga Mai Girma Wakilinmu a Majalisar Wakilai ta Tarayya, daga Kwamitin Iyaye da Malamai na Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Unguwarmu, Birnin Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, wakilinmu a Majalisar Wakilai ta Tarayya; mai girma Hakimi, Allah Ya ƙara maka lafiya; masu unguwanni, limamanmu, Hajiya Shugabar makaranta, malamai, iyaye da 'ya'yanmu ɗalibai.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ba za mu tsaya lissafa ayyukanka ba, domin sunanka ya riga ka isowa wannan unguwa. Hantsi leƙa gidan kowa, yau ka leƙo namu, mun gode. Tun da kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari mu faɗi abin da ya hana mu barci tun kafin ka sha ruwa: ɗakin gwaje-gwajen kimiyya muke roƙo. Sauran bayanan da za ka ji duk rakiya suka yi masa.

Yallaɓai, Kano ba baƙuwar bincike ba ce. A gindin Dutsen Dala aka fara narka tama ana fitar da ƙarfe, tun kafin a kewaye birnin nan da ganuwa. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, a lokacinsa kuma Shehu Magili ya sauka a garin nan. Je ka karofin Ƙofar Mata ka tsaya minti goma. Marini zai tsoma ƙyalle a ruwan baba da toka, ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Bai taɓa shiga ajin kemistiri ba, amma da ido da hanci yake gane ruwan da ya nuna da wanda ya mutu, saboda kakanninsa sun gwada, sun yi asara, sun sake gwadawa. Da Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo a 1851, wannan tufafin na Kano ne ya ba shi mamaki, ganin yadda yake kaiwa har Tumbutu da ƙetaren Sahara.

Boko ma ba a bar mu a baya ba. A Nassarawa Baturen nan Hanns Vischer, da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a 1909. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma duk wanda ya san asibitocin Arewa ya san yawan likitocin da suka fito daga can. Ga Jami'ar Bayero a bakin Kabuga, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil. Sai dai guraben makarantun kimiyya kaɗan ne, 'ya'yan birni kuwa ba sa ƙirguwa. Yarinyar da ba ta sami gurbi can ba, nan take zuwa wurinmu da burinta na zama likita. Mu kuwa me muke da shi da za mu ba ta? Allo da alli.

Muna da ɗaki, kada mu yi wa Allah butulci. Damina uku ke nan da iska ta yaye kwanonsa. Famfunan cikinsa sun bushe, kwalaben sinadarai sun zama gidan gizo-gizo. Madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya ya rage mana, shi ma a ofishin Shugaba yake kwana don kada ruwa ya ci shi. An taɓa turo wani ɗan kwangila, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya sha lemon da muka saya masa, har yau ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. Sakamakon haka, 'ya'yanmu a allo suke ganin hoton kayan awo, su haddace sunayensu kamar karatun aku, sai ranar jarrabawar firaktikal ta WAEC ko NECO su fara taɓa su, hannu na rawa. Ka ga kuwa an haɗa su tsere da yaran da suka shekara uku suna yi da hannunsu.

Ba cin jarrabawa kaɗai ya dame mu ba. A zangon da ya wuce, malamar kemistiri ta gaji da zane a allo, ta zo da jiƙaƙƙen zoɓo daga gida da kofunan roba. Ta tambayi ajin me zai faru in an zuba masa kanwa. Kowa ta rubuta hasashenta, yawancinsu suka ce zai ƙara ja. Aka zuba, sai ya yi duhu ya juya kore. Aka matsa lemon tsami, jan ya dawo. Wata yarinya daga bayan aji, wadda malamai suka ce ba a cika jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ta yaya muka san kanwar ce ta canza shi, ba ruwan da aka jiƙa ta da shi ba?" Malamar ba ta ba ta amsa ba, ta miƙa mata kofi na uku ta ce ta zuba ruwa zalla ta gani. Wannan tambaya, ranka ya daɗe, ita muke so kowace ɗaliba ta fita da ita daga makarantar nan. Amma zoɓo da kanwa iyakarsu darasi ɗaya. Ba za su nuna mata ƙwayar cuta a ɗigon ruwan kwata ba.

Duk wanda ke nan ya tuna daren 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Masu digiri ma sun tashi iyalansu da asuba sun yi, wasu a ƙasar nan har suka rasa rayukansu. Yau kullum irin wannan saƙo na shigowa ta WhatsApp, kuma 'ya'yan nan su ne iyayen gobe da za su yanke shawarar abin da za a ɗura wa jariri. Addininmu ya riga ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, malaman hadisi kuma ba sa karɓar magana sai sun bi diddigin wanda ya faɗa. Ibnul Haisam, malamin Basra da ya zauna a Misira kusan shekaru dubu da suka wuce, a ɗaki mai duhu da 'yar huda ya tabbatar da cewa haske miƙe yake tafiya. Ko shi sai da ya sami ɗaki.

Saboda haka, mai girma wakilinmu, muna roƙon ka sa wannan ɗaki a cikin ayyukan mazaɓa na bana: a rufa shi, a ja masa ruwa da wutar sola, a zuba masa madubai da ma'aunai da sinadarai, a kuma tura malamanmu na kimiyya horo kan koyarwa ta hanyar gwaji. Muna da matsalar kujeru, katangar baya ma ta rushe, amma kwamiti ya zauna ya amince cewa in ɗaya za a yi mana, to a yi ɗakin. Iyaye sun ɗauki alkawarin biyan mai gadi da kula da kayan, mun sa hannu a takarda, tana cikin fayil ɗin da za mu miƙa maka.

Allah Ya ƙara maka ɗaukaka, Ya mai da kai gida lafiya. Kafin ka tashi, muna roƙon ka tako da ƙafarka ka ga ɗakin, yana nan bayan ofishin Shugaba. Ga makullin a hannun Hajiya, kodayake ƙofar ma ba ta rufuwa.

Wassalamu alaikum.

Shugaban Kwamiti, a madadin iyaye da malamai.