Fountain House: gidan da ba ya tafiya sai da masu larurar ƙwaƙwalwa

Ranar da aka sallami mai larurar ƙwaƙwalwa daga asibiti, 'yan uwa kan yi hamdala, a karɓi ledar magani da takardar ranar komawa ganin likita. To daga nan fa? Ya dawo gida, aikinsa an ba wani, abokai sun ja jiki, a gidan ma ko aike ba a yi masa, wai a bar shi ya huta. Magani yana aikinsa, amma babu wanda yake jiran mutumin nan a ko'ina idan gari ya waye.

Wannan matsalar ce wasu majinyata suka fuskanta a Amurka shekaru tamanin da suka wuce. Sun haɗu ne a asibitin ƙwaƙwalwa na Rockland da ke jihar New York. Da aka sallame su, sai suka ci gaba da haɗuwa a kan matakalar babban ɗakin karatu na birnin New York, don ba su da wurin zama nasu. A 1944 suka ba ƙungiyarsu suna WANA, gajarcen wata jimlar Turanci mai nufin "ba mu kaɗai ba ne". A 1948, da taimakon wasu masu hali, ciki har da wata mata Elizabeth Schermerhorn, suka samu gida a kan titi na 47 a Manhattan. Akwai wani ɗan maɓulɓular ruwa a tsakar gidan, shi ya sa aka sa masa suna Fountain House.

Da farko wurin hira ne kawai. Sauyin ya zo a 1955, lokacin da aka ɗauki wani jami'in jin daɗin jama'a, John Beard, ya shugabanci gidan. Shi ne ya buɗe gidan da rana, ya ce a zo a yi aiki tare.

Ga yadda yini yake a irin wannan gida. Da safe a taru, a tsaya gaban allo, a karanta ayyukan ranar. Wa zai yi cefane? Wa zai dafa abincin rana? Wa zai zauna a bakin ƙofa ya karɓi baƙi, ya amsa waya? Wa zai shigar da lissafin kuɗin kanti a kwamfuta? Kowa ya ɗaga hannu ya zaɓi abin da zai iya. Wanda yau jikinsa ba daɗi, ya samu kujera ya zauna, ba mai tilasta masa. Masu zuwa mambobi ne, shiga da son rai, kuma ba a yanke wa kowa wa'adi.

Akwai ma'aikata masu albashi, amma ga dabarar: da gangan ake ɗaukar su 'yan kaɗan, yadda ba za su taɓa iya gama aikin su kaɗai ba. Idan mambobi ba su zo ba, tukunya ba za ta hau wuta ba. Kuma ƙa'ida ta hana ofishin da ma'aikata kaɗai ke shiga, ta hana taron da za a kulle ƙofa a tattauna mamba ba ya nan. A ganina nan ne ƙarfin abin yake. Mutumin da ya shekara ana lallaɓa shi kamar ƙwai, yau an ce masa yi sauri, albasa ta ƙare, mutane suna jiran abinci.

In kuwa aka kwana biyu ba a ga mamba ba, wasu mambobin za su kira shi a waya, ko su je gida, ko su bi shi asibiti idan ciwon ne ya tashi. Mai kiran nan ya san abin da ake ji, domin shi ma ya kwanta a irin gadon.

Sai batun neman abinci. Gidan kan ƙulla yarjejeniya da kamfanoni a ba shi guraben aiki na rabin yini, mamba ya riƙe gurbi wata 6 zuwa 9, kamfanin ya biya shi albashi daidai da kowa. Alkawarin da gidan ke yi wa kamfani shi ne: duk ranar da mamba ya kasa zuwa, ma'aikacin gidan zai je ya yi aikin a madadinsa. Da haka mai kamfani ba ya fargabar aikinsa zai kwana, shi kuma mamba rashin lafiyar kwana uku ba za ta raba shi da gurbinsa ba.

A lura, nan ba asibiti ba ne. Ba a rubuta magani, ba a yin allura. Mamba yana ci gaba da ganin likitansa a waje.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Judi Chamberlin, wata 'yar gwagwarmaya da ita ma aka taɓa kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa, ta soki irin wannan haɗin gwiwa tun a shekarun 1970. Hujjarta ita ce muddin akwai ƙwararru masu albashi a gefe guda, su ne za su riƙe wuƙa da nama, don haka gara wuraren da majinyatan da kansu ke riƙe da komai. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, musamman da yake aikin cikin gidan ba a biyan mamba ko sisi a kansa. Daga irin tunaninta ne aka samu cibiyoyin da tun daga shugaba har mai shara duk masu larurar ne.

Duk da haka tsarin Fountain House ya bazu. A 1994 aka kafa ƙungiyar da ke haɗa kan gidajen da ke bin tsarin, wadda yanzu ake kira Clubhouse International, kuma akwai irin waɗannan gidaje sama da 300 a ƙasashe fiye da 30. A 2014 ita da Fountain House suka karɓi kyautar jinƙai ta Hilton. Kafin a amince da sabon gida, sai an turo masu duba shi daga wasu gidajen, kuma tawagar kan haɗa ma'aikaci da mamba, su zauna kwanaki suna kallon yadda ake aiki, su rubuta rahoton tare.