Panther: Ƙaramin Jirgin da Ya Tada Hankalin Turai

Jama'a masu sauraro, jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Panther ba wani babba ba ne. An ƙera shi a birnin Danzig (Gdańsk ta Poland a yau), ya shiga ruwa a 1901. Tsawonsa bai kai mita 70 ba, ma'aikatansa kusan 130, gudunsa kilomita 25 a awa da injinan tururi biyu masu cin gawayi. Manyan bindigoginsa biyu ne kacal, masu bakin santimita 10.5, sai ƙanana shida. Aikinsa sintiri a gaɓar ƙasashen da ba su da rundunar ruwa, yana nuna tuta.

Ya fara da Haiti a Satumban 1902. An tura shi ya kama Crête-à-Pierrot, jirgin 'yan tawaye da ya ƙwace makamai daga wani jirgin kasuwancin Jamus. Kwamandan jirgin 'yan tawayen, Admiral Killick, ya sauke mutanensa, ya tarwatsa jirgin nasa da kansa a ciki.

A Venezuela ne asirin Panther ya tonu. Ranar 17 ga Janairun 1903 ya nufi mashigar tafkin Maracaibo, sansanin San Carlos ya buɗe masa wuta. Mashigar ƙunci gare ta, ga rairayi a ƙasa, babu filin juyawa, kuma jikinsa ba sulke. Dole ya ja da baya, sai da aka kawo babban jirgi Vineta ya ragargaza sansanin daga nesa. Jirgi irin wannan, muddin akwai igwa a tudu, barazanarsa ta ƙare.

Daga baya ya koma gaɓar Afirka ta Yamma, yana zirga-zirga tsakanin Togo da Kamaru, waɗanda Jamus ke wa mulkin mallaka a lokacin. Yana hanyar gida don gyara aka karkatar da shi Agadir a Maroko, ya sauke anga ranar 1 ga Yulin 1911, wai don kare Jamusawa. Abin dariya, babu Bajamushe ko ɗaya a garin. Wanda aka aika musamman don a "cece" shi ma, jirgin ya riga shi isa. Zuwan jirgin ya tada rikici tsakanin Jamus da Faransa, wadda ke neman mallake Maroko, Ingila kuma ta goya wa Faransa baya. A yarjejeniyar 4 ga Nuwamba, Jamus ta bar wa Faransa Maroko, ta karɓi kimanin murabba'in kilomita 275,000 na Kwangon Faransa, aka haɗa da Kamaru. Ba wanda ya tambayi mazauna wurin.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya gadin gaɓa ya yi a tekun Baltik, bayan yaƙi ya zama jirgin safiyon teku, aka farfasa shi a 1931.